Masu Riƙe da Kumbo: Ƙananan Taurari a Shirye-shiryen Kimiyya Masu Dogon Zango da Abin da Ƙasar Katagum Za Ta Iya Bayarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ƙananan taurari a shirye-shiryen talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya, da misalai daga Doctor Who na Ingila da Star Trek na Amurka. Hujjar da take kafawa ita ce, mai kallo yana gaskata duniyar da aka ƙaga masa ne idan ya ga masu neman abinci a cikinta, irin su tela da makaniki da saje da direba, kuma daga cikinsu ne shirin ke samun irin shukawa idan manyan taurarinsa sun tsufa. Maƙalar ta danganta al'adar barin ƙaramin tauraro ba suna da littattafan Turawa matafiya, ciki har da waɗanda suka sauka a Katagum a 1824, sannan ta nuna cewa tarihin binciken ƙudan tsando a Sherifuri da Gadau ya isa a gina shiri a kansa.

1.0 Gabatarwa



Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shiri mai dogon zango ya samu gindin zama a gidajen Hausawa. An yi Daɗin Kowa, an yi Kwana Casa'in, an yi Gidan Badamasi da Labarina. An taɓo soyayya da siyasa da barkwanci da rikicin iyali. Amma har yau ba a yi wani na ƙagaggen labarin kimiyya da ya zauna a bakin jama'a ba. Ba kuwa don babu masu so ba ne. Matasan da ke cika shagunan tura fim a waya a nan Azare sun san Krrish, sun san Jadoo, sun san Chitti, mutum-mutumin nan na fim ɗin Rajinikanth na 2010. Idan aka tambayi masu sana'ar, amsa ɗaya ce, kuɗi. Kumbo da dodanni da fashewar taurari aikin kwamfuta ne mai cin dukiya.

Ban musanta tsadar ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a nan ƙarfin irin wannan shiri yake. Wanda ya kalli Doctor Who na shekarun 1960 zai ga bangon katako da dodannin da aka ɗinka da hannu, a hoto baƙi da fari, amma shirin ya rayu daga 1963 zuwa 1989, ya sake dawowa a 2005. Wani abu ne daban ya riƙe shi, kuma shi nake so mu duba.

2.0 Waye Ƙaramin Tauraro?

A nazarin ƙagaggun labarai mun saba kasa taurari biyu, babba da ƙanana, mu zuba wa babban ido, mu jera sunayen sauran a sakin layi ɗaya. Yawancin kundayen digirin farko da ke zuwa hannunmu haka suke. Ɗabi'ar tana da asali. E. M. Forster, a littafinsa Aspects of the Novel na 1927, ya bambanta tauraro mai hali guda da ba ya sauyawa da wanda ke iya ba mai karatu mamaki, masu koyarwa kuma suka mai da na farkon abin rainawa. Vladimir Propp a 1928 ya dubi tatsuniyoyin Rasha ya ce aikin da tauraro ke yi shi ne abin lura, wani mai taimako, wani mai ba da abin sihiri, wani mai aikawa. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san tsohuwar nan ta bakin rafi mai cewa a cuɗa mata baya. Ba ta da suna, ba ta da dangi, tana miƙa wa yarinya abin da za ta miƙa, labari ya wuce ya bar ta.

Alex Woloch ne, a The One vs. the Many na 2003, ya juya tambayar. A ganinsa fili ake rabawa a cikin labari, duk shafin da aka ba jarumi an hana wani ne, kuma ƙaramin tauraro cikakken mutum ne da aka matse a ɗan lungu. Wannan ra'ayi nake bi, da ƙari ɗaya. Littafi in an rufe shi, rabon filin ya tabbata ke nan. Shirin talabijin mai dogon zango kuwa mako-mako ake rubuta shi, ɗan wasan da aka ba layi biyu mutum ne mai rai da zai iya yin abin da marubuci bai zata ba, masu kallo kuma ba sa yin shiru. Saboda haka rabon yana iya sauyawa, kuma yakan sauya.

3.0 Faya-fayan da aka Tsinta a Jos

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na Doctor Who da aka daɗe da fid da rai da su. A shekarun 1960 da 1970 gidan kan goge kaset ɗin shirye-shiryensa ya sake ɗaukar wani abu a kai, sai dai kafin nan yakan kwafe su a faifan fim ya sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, wannan ya nuna ya miƙa wa wancan. Wani Bature mai farautar tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, shi ya bi sawu har ya same su a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos, a jihar Filato da ke maƙwabtaka da mu. Labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear, dukkansu daga zamanin da Patrick Troughton ke fitowa a matsayin Dakta, babban jarumin shirin.

Na biyun, wanda aka nuna a 1968, shi ya shafe mu. Wasu mutum-mutumi masu gashi da ake kira Yeti sun mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, wata halitta marar jiki tana juya su, an bar 'yan sojoji kaɗan a wani sansani a can ƙasa. Dakta da abokan tafiyarsa, Jamie da Victoria, su ne manyan taurari, amma fargabar da ke cikin labarin daga wurin sojojin take fitowa. Akwai direba Evans, mutumin Wales, matsoraci da bai ɓoye tsoronsa ba, kullum idonsa na kan ƙofar gudu. Shi ke faɗin abin da mai kallo zai faɗa da a ce shi ne a wurin. Akwai ɗan jarida Chorley, sarkin shisshigi. Akwai Saje Arnold, tsohon soja mai tsawa amma mai kula da yaransa, irin wanda kowa ke jingina da shi. An gina labarin a kan zargi. An san akwai wanda halittar ke aiki da shi a cikin sansanin, ba a san ko waye ba, sai a kashi na ƙarshe ta bayyana cewa a jikin Arnold take. Dabarar ta ci ne domin marubutan sun san mai kallo ba ya zargin saje. Ya saba ganinsa a gefen hoto yana karɓar umarni.

A cikin wannan labari ne wani kanar mai suna Lethbridge-Stewart ya fara bayyana, Nicholas Courtney ya fito a matsayinsa. Don labari ɗaya aka rubuta shi. Kafin shekarar ta ƙare an dawo da shi a The Invasion da muƙamin birgediya, yana jagorantar rundunar UNIT, ya zama ginshiƙin shirin a farkon shekarun 1970, ya yi ta leƙowa har 1989. Fitowarsa ta ƙarshe a 2008 ce, a The Sarah Jane Adventures, wanda shi ma shiri ne da aka gina a kan wata tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta. Courtney ya rasu a 2011, a 2012 aka shigo da 'yar birgediyan, Kate Stewart, ta ci gaba da aikin rundunar. Masu fitowa a matsayin Dakta sun sauya fiye da sau goma, gidan Lethbridge-Stewart yana nan. Har ila yau, ɗaya daga cikin mutanen da ke cikin rigar Yeti a wancan labari, wanda ko fuskarsa ba a gani ba, John Levene ne, shi ne daga baya ya zama Saje Benton ya shafe shekaru a shirin. Kashi na uku kuwa, inda aka fara ganin fuskar kanar ɗin, shi kaɗai ne a cikin shidan bai koma hannun BBC ba a 2013.

4.0 Daga Jar Riga Zuwa Shagon Tela

Star Trek na Gene Roddenberry ya fara a tashar NBC a Satumban 1966, ya yi zango uku, kashi 79. Manyan taurarinsa uku ne, Kyaftin Kirk da Spock da Dakta McCoy. Kumbon Enterprise yana ɗauke da fiye da mutum 400, amma yawancinsu wucewa kawai suke yi a bayan hoto. Idan za a sauka wata duniya, sai a haɗa manyan da wani jami'in tsaro mai jar riga, dodon wurin ya kashe shi kafin a tafi talla, don mai kallo ya san akwai haɗari ba tare da an taɓa jarumi ba. Abin ya yi yawa har ya zama sara a bakin masu kallo, John Scalzi ya rubuta littafi sukutum a kai, Redshirts, ya ci kyautar Hugo a 2013. Ni wannan al'ada tana damuna, domin koyarwa ce. Mako bayan mako tana nuna wa mai kallo cewa akwai mutuwar da ba ta kai a tsaya a yi jimami ba.

Ko a wancan shiri, ƙaramin matsayi ya yi aikin da ba a zata ba. Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura mai kula da sadarwa, layukanta kaɗan ne, har ta yi niyyar ajiye aikin bayan zangon farko. Ta sha ba da labarin yadda Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, saboda abin da ganin baƙar mace a wannan kujera ke yi wa yara. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita. Haka Dakta M'Benga, likita Ba'afirke da ya fito a kashi biyu kacal, a 1968 da 1969. Da aka zo yin Strange New Worlds a 2022 sai aka tono shi, aka mai da shi babban likitan kumbon, aka ba Babs Olusanmokun, haifaffen Legas, matsayin. Shekara 53 sunan yana ajiye.

Inda aka fi fahimtar wannan al'amari shi ne Deep Space Nine, wanda aka yi daga 1993 zuwa 1999. Shi tasha ce a tsaye wuri ɗaya. Kumbo mai yawo yana barin kowa a baya, wanda aka gani yau ba za a sake ganinsa ba. Tasha kuwa tana da kasuwa da mashaya da makaranta da wurin ibada, wanda ka ɓata wa jiya gobe zai zo gabanka da ciniki. Miles O'Brien ya fara ne a 1987 a The Next Generation a matsayin ma'aikaci marar suna. Sannu a hankali aka ba shi suna, aka yi masa aure da Keiko, aka ba shi 'ya, sannan aka kawo shi wannan tasha ya shugabanci sashen gyare-gyare. Ba hafsa ba ne, kurtu ne da aiki ya ɗaga, rabin rayuwarsa a ƙarƙashin na'urorin da suka ƙi jituwa da juna yake. Garak tela ne, ɗan Cardassia da aka koro daga ƙasarsa, kowa na zargin ɗan leƙen asiri ne, shi kuma ya nace ɗinki kawai ya sani. Andrew Robinson da ya yi wasan ya riƙa rubuta wa kansa tarihin telan don ya san yadda zai ɗauke shi, rubutun ya zama littafi, A Stitch in Time, a 2000. Har Morn, wanda ya shekara bakwai a kujerar mashayar Quark bai furta kalma ɗaya a gaban kyamara ba, an yi masa kashi guda a 1998.

Nog ne ya cancanci mu tsaya a kansa. A kashin farko yaro ne da aka kama yana sata, bai iya karatu ba, ɗan ƙanin Quark mai mashaya, daga ƙabilar Ferengi da ake nunawa da son kuɗi don a yi dariya. Jake, ɗan kwamandan tashar, ya riƙa koya masa karatu a ɓoye. Daga baya ya nemi shiga makarantar sojan kumbo, abin da wani ɗan ƙabilarsa bai taɓa yi ba, dalilinsa kuwa shi ne yana kallon mahaifinsa Rom, gwanin gyaran inji, yana ƙarewa a wankin kofuna saboda al'adarsu ba ta san daraja ba sai ta riba. A 1998, a yaƙin wani sansani mai suna AR-558, aka harbe shi ya rasa ƙafa. A tsohon tsari nan labarinsa zai tsaya. Sai marubutan suka ba shi kashi sukutum. Ya dawo da sabuwar ƙafa da likitoci suka ce lafiyarta lau, shi kuwa yana dogara sanda yana cewa tana masa ciwo. An shirya masa liyafar maraba, ya kasa zama. Ya shige ɗakin da kwamfuta ke ƙaga duniyar wasa, ya tare a can wurin wani mawaƙi da shi ma kwamfutar ce ta ƙaga shi, yana riƙe masa littafin lissafi, ya ƙi fitowa. Manyan taurarin shirin leƙowa kawai suke yi su wuce. Aron Eisenberg, wanda ya yi wasan, ya ce tsofaffin sojoji sun riƙa tuntuɓarsa suna cewa halin da suka shiga ke nan. Duk wanda ya zauna da waɗanda suka dawo daga fagen daga a Arewa maso Gabas ya san wannan ciwo da ba ya fita a hoton asibiti. Kuma a lura, ba a kashe kuɗin dodo ko na yaƙin kumbo a kashin ba. Ɗaki ne da mutum biyu.

Kafin wannan, a 1994, The Next Generation ta gwada juya kyamara gaba ɗaya a wani kashi mai suna Lower Decks, inda aka bi ƙananan jami'ai huɗu masu jiran ƙarin girma. Abin da aka ɓoye musu an ɓoye wa mai kallo, ana rufe ƙofar taro a kan idonsu. Ɗaya daga cikinsu, Sito Jaxa, aka aika ta aikin sirri ba ta dawo ba, abokanta suka ji sanarwar rasuwarta ta lasifika kamar kowa. Irin mutuwar mai jar riga ce, sai dai a wannan karon kyamara ta tsaya tare da waɗanda suka san ta. Daga wannan kashi ɗaya aka samo shirin zane mai suna iri ɗaya, ya yi zango biyar daga 2020 zuwa 2024.

5.0 Katagum, Janairun 1824

Al'adar barin mutum ba suna ta girmi talabijin. Roddenberry bai ɓoye ba cewa ya gina kyaftin ɗinsa a kan Horatio Hornblower, jarumin littattafan C. S. Forester na sojan ruwan Ingila. Labarin kumbo jikan labarin jirgin ruwa ne da na Bature matafiyi, mai zuwa ƙasar da ya ce ba a sani ba ya rubuta abin da ya gani. Mu kuwa a wannan ƙasa mun taɓa zama duniyar da aka sauka.

A Janairun 1824 Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney suka iso Katagum daga Kukawa, a zamanin Sarki Ɗankauwa, masarautar da Malam Zaki ya kafa da tutar Shehu Usmanu tana da ɗanyen jini. Oudney na fama da ciwo, ya rasu a Murmur jim kaɗan bayan sun bar garin, Clapperton ya wuce Kano, daga nan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littafin tafiyar ya fito a Landan a 1826 da sunayen Turawa uku, Denham da Clapperton da Oudney. Amma ba su suka san hanya ba. Cikin ayarin fatake suka taho, tare da wani ɗan kasuwar Fezzan, Muhammad al-Wurdi, da masu jan raƙuma, da masu dafa abinci, da waɗanda suka haƙa kabarin Oudney. Ɗaiɗaiku ne a cikinsu suka samu suna a littafin. A tafiyar Clapperton ta biyu, wadda ya rasu a cikinta a Sakkwato a 1827, tafintansa Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa suka sani da Pasko, shi ne kuma ya raka Richard Lander a 1830 lokacin da suka bi kogin Kwara har teku. Lander ɗin ma baran Clapperton ne kafin ya zama mai littafi. Shi ya samu irin ƙarin girman O'Brien, Pasko bai samu ba.

Wanda ya samu bakin magana shi ne Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya yi wa Heinrich Barth hidima har Tambutu, ya bi shi Turai a 1855, ya zauna da J. F. Schön ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. A wurin Barth, Dorugu ɗan rakiya ne. A nasa labarin, Bahaushe ne ya sauka wata duniya yana kallon mutanenta da gidajensu da yadda suke cin abinci. Marubucin Hausa da zai yi shirin kimiyya yana da zaɓi tsakanin idon Barth da idon Dorugu, kuma ina ganin abin kunya ne jikokin masu jan raƙuma su kwafi tsarin da ya shafe kakanninsu.

6.0 Abin da ke Hannunmu

Wanda ya tsaya kallon hawan sallah a ƙofar fadar Azare ya san Sarki ɗaya ne, wucewarsa kuma ba ta daɗewa. Zagage da dogarai da 'yan bindiga da masu algaita da tawagar hakimai su ke sa a san Sarki ne ke tafe. Adabinmu ya san wannan tun farkonsa. A Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933, Alhaji Imam ne mai ba da labari, amma a tambayi wanda ya karanta shi yana yaro me ya fi tunawa, zai ce Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Zurƙe tauraro ne mai dawowa, a rabu a wannan gari a haɗu a wancan, kowa da ramuwar da yake bin ɗan'uwansa. A Magana Jari Ce kuwa aku ne, tsuntsun da aka saya, ya ɗauki nauyin littafi uku har ya kai ga sarautar waziri. Shi kansa labarin kimiyya ba baƙo ba ne a Hausa. A 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawon samaniya da Kolin Koliyo.

A talabijin ma haka. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya nuna barikin soja daga matakin samanja da kuratansa, tun kafin Amurkawa su yi tunanin leƙa ƙasan kumbonsu. Daɗin Kowa kuwa tsarin tasha gare shi. Garin ne babban tauraro, kuma Ɗantani mai shayi da Kamaye da Ayuba mai gadi su suka sa mutane ke maganarsa kamar wurin da suka taɓa kwana. Wannan gwaninta ita ce mafi wuyar samu a shirin kimiyya, ga ta kuma a hannunmu.

Sai dai akwai gyara. A finafinanmu da yawa ƙaramin matsayi wurin izgili ne. Ɗan ƙauye wawa ne, mai gadi maƙaryaci ne, 'yar aiki munafuka ce, kuma hali ɗaya za su riƙe har a rufe fim. Jarumi Kananci yake yi, karin harshen wata ƙasa sai a bakin wanda ake so a yi wa dariya. Guddirancin da muke ji a kasuwar Azare kuwa da wuya ma a ji shi. Mai kallo a Gamawa ko Shira da bai taɓa jin irin maganar gidansu a bakin mutumin kirki a talabijin ba, an gaya masa matsayinsa ko da ba a furta ba.

7.0 Sherifuri da Gadau

A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando a Sherifuri, a nan ƙasar Katagum, ƙarƙashin Llewellyn Lloyd da W. B. Johnson, saboda ciwon barci da ke kama mutane da sammore da ke kashe shanu. Daga baya aikin ya koma Gadau, aka gina ɗakin gwaje-gwaje. A can P. A. Buxton da D. J. Lewis suka yi nazarin yadda zafi da laima ke shafar ƙudan, aka buga a 1934, a can kuma T. A. M. Nash ya yi aiki a shekarun 1930. Kimiyya ce ta gaske, ta shiga mujallun Landan, a wannan ƙasa aka yi ta.

Yadda ake samun alƙaluman irin wannan bincike shi ne abin dubawa. Samari 'yan ƙasa ake ɗauka, a ba su 'yar ragar hannu, su bi hanya ɗaya da aka shata a cikin kurmi, suna tsayawa suna kama ƙudan da ya biyo su, a ƙirga, a ware maza da mata. Wasu su durƙusa ƙarƙashin duhuwa suna tonon ƙasa da hannu don neman ƙwansonsa. Wasu su sare kurmin bakin rafi. Ƙudan nan jini yake sha, cizonsa ne ke ɗauke da cutar, ke nan jikin yaran shi ne tarkon. Takardun suna ɗauke da sunayen Turawa, su kuwa yaran da sunan aikinsu ake ambatonsu.

Ga shiri nan a shimfiɗe. A ɗauki tashar bincike a Gadau, ko a shekarun 1930 ko a shekara 60 nan gaba, lokacin da zafi ya ƙaru fadama ta ja baya. A sa wani sabon ƙuda ya bayyana wanda zafin bazara ba ya kashewa. Wanda zai fara lura shi ne yaron da ke riƙe da raga, domin shi ake cizo, kuma maganarsa ba ta shiga littafin awo. Kewaye da shi akwai malamin da ke rubuta alƙaluma yana tsoron ya rubuta abin da maigidansa ba ya so, da Bafillatanin da shanunsa suka fara faɗuwa, da ungozomar da ta ga abin a jikin mata kafin likita ya gani, da direba, da mai shayin bakin ƙofa inda duk labarin tashar ke sauka da yamma. Kayan aikin daji ne da raga da kwalabe da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Abin da zan roƙi marubucin shi ne, duk wanda ya buɗe baki a shirin a ba shi suna da unguwa da wani abin da yake so wanda bai shafi jarumi ba, a ajiye wannan a rubuce ko ba za a yi amfani da shi a zangon farko ba. In kuma labari ya ci ransa, a bi mai kai saƙon har ƙofar gidansu. Sunan ɗan wasan ma ya fito cikakke a ƙarshen shiri, ko layinsa ɗaya ne.

Amma kafin a ɗauki alƙalami akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu manazarta. Gadau ɗin nan a yau ita ce mazaunin Jami'ar Sa'adu Zungur, Azare kuma tana da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya. Ɗaliban Hausa da na tarihi da na kimiyyar lafiya za su iya haɗuwa su shiga ƙauyukan da ke kewaye da Sherifuri da Gadau da na'urar ɗaukar magana, su tambayi dattawa su waye suka yi wa Turawan ƙuda aiki, me ake biyansu, wa ya kamu da ciwon, me mutanen gari ke cewa ana yi a cikin ɗakin gwajin. A ɗauki maganar da Guddirancin da aka faɗe ta, kada a gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa wajen rubutawa. Yaron da ya riƙe raga a 1935 yana ɗan shekara 15, da yana raye da ya haura 100. 'Ya'yansa ne suka rage, su ma sun manyanta, saboda haka ina ba sassan da abin ya shafa shawarar su sa wannan a jerin batutuwan kundin ɗalibai tun daga zangon karatu mai zuwa.